Maniyyina ya yi rauni: laifin sinadaran abinci ne, kuma tsirrai za su gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekarata 36, matata 31, shekara biyu da aure ba mu samu ƙaruwa ba. An duba ta an ce ba ta da matsala. Ni kuma gwajin maniyyi ya nuna ƙwayoyi miliyan 11 a kowace mililita, masu tafiya gaba kashi 24 cikin ɗari. Saboda yanayin aiki, yawancin abincina na leda ne da na gwangwani, ina kuma shan lemon kwalba kamar uku a rana. Na karanta a intanet cewa sinadaran da ake zuba wa irin wannan abinci suna lalata maniyyi, kuma wasu tsirrai suna karewa. Yanzu ina shan ƙwayoyi iri huɗu: bitamin E, zinki, na koren shayi da na kurkum. Wani aboki ya ce in ƙara da allurar testosteron. Me kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba ku zuri'a mai albarka. Bari mu fara da allurar, domin ita ce ta fi komai haɗari a cikin wasiƙarka: kada ka yi ta. Idan aka zuba wa jiki testosteron daga waje, ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka ya wadata, ta daina aika sinadaran LH da FSH da ke umartar maraina su yi aiki. Sakamakon haka ƙwayoyin maniyyi su ragu, wani lokaci su ɗauke gaba ɗaya, har an taɓa gwada wannan hanya a matsayin tsarin iyali na maza. Namiji zai ji ƙarfi da sha'awa sun ƙaru, ya zaci gyara ne, alhali abin da yake nema ne yake kashewa. Bayan an daina, sai a yi watanni, wani ma fiye da shekara, kafin abubuwa su koma daidai.

Sai batun da ka karanta. Akwai gaskiya a cikinsa, amma an cika mata gishiri.

Ƙwayar maniyyi halitta ce mai rauni. Fatar da ta lulluɓe ta cike take da wani irin kitse mai laushi wanda ke saurin lalacewa idan ya haɗu da ɓurɓushin iskar oksijin da jiki ke fitarwa yayin da yake sarrafa abinci. Kwatankwacin abin da ke faruwa shi ne tsatsa a jikin ƙarfe, ko yadda mai ke yin ɗoyi idan ya daɗe a buɗe. Sauran ƙwayoyin jiki suna da ma'ajiyar sinadaran kariya a cikinsu, ita kuwa ƙwayar maniyyi ta zubar da kusan duk kayan cikinta don ta yi sauƙin iyo, saboda haka ta dogara ne da ruwan da take ciki. Shi ya sa bitamin C da ke cikin ruwan maniyyi ya ninka na cikin jini sau da yawa. Idan tsatsar ta fi ƙarfin kariyar, jelar ƙwayar ta yi sanyi, motsi ya ragu, kundin gado, wato DNA, da ke cikin kanta ya kakkarye. Sinadaran da ke tare wannan tsatsa su ake kira antiyoksidan, kuma tsirrai ne babbar taskarsu: bitamin C da E, laikofin na tumatir, kuwasetin na albasa, da sauransu.

To ina sinadaran abinci suka shigo? Kusan duk rubuce-rubucen da ke cewa tsiro kaza ya kare maraina daga sinadari kaza a kan ɓeraye aka yi su, kuma tsarinsu kusan ɗaya ne. A raba ɓeraye gida-gida: wasu a ba su abinci kawai, wasu a ɗura musu sinadarin ɗanɗano MSG ko launin tatrazin ko sodiyam benzowet mai hana abinci lalacewa, wasu kuma a haɗa musu sinadarin da ruwan wani tsiro. Bayan wasu makonni a yanka su a duba maraina. Galibi a tarar waɗanda aka ba sinadarin zalla sun sami raguwar maniyyi da testosteron, waɗanda aka haɗa musu da tsiro kuma ɓarnar ta yi sauƙi. Wannan sakamako ne na gaske, yana kuma nuna yadda abin ke aiki a cikin jiki. Sai dai akwai abubuwa uku da ba a faɗa wa mai karatu.

Na farko adadi. Yawancin waɗannan gwaje-gwaje suna amfani da adadin da ya wuce abin da mutum ke ci nesa ba kusa ba. A ce an ba ɓera giram 2 na MSG a kan kowane kilo na nauyinsa. Idan za a mayar da shi lissafin mutum akan raba da kusan 6, saboda jikin ɓera ya fi saurin sarrafa abu, sai ya kama giram 22 zuwa 23 a rana ga mai kilo 70. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai, a 2017, ta sa iyakar gulutamet, wato sinadarin da ke cikin MSG, a miligiram 30 kan kowane kilo a rana, wato giram 2.1 ga wannan mutumin. Ka ga ninki goma ke nan. Wasu gwaje-gwajen ma allura ake yi wa jariran ɓeraye, kamar na 1969 da ya ƙara tayar da maganar MSG, alhali wanda aka ci ta baki hanji ne ke ƙone mafi yawansa kafin ya kai jini. Na biyu, ana ba ɓeran tsiron ne a lokaci guda da gubar, kuma yana da cikakkiyar lafiya kafin nan. Wannan rigakafi ne. Bai nuna cewa tsiron zai gyara maniyyin da ya riga ya yi rauni saboda wani dalili dabam ba. Na uku, galibi abin da ake aunawa shi ne maniyyi da sinadarai a cikin naman maraina, ba ciki ko haihuwa ba.

Kada ka fahimci wannan a matsayin wanke sinadaran abinci baki ɗaya. Akwai waɗanda aka kama da laifi. Turai ta cire furofil faraben, sinadarin hana abinci lalacewa mai lamba E216, daga cikin abubuwan da aka yarda a sa a abinci a 2006, bayan an ga yana taɓa sinadaran jinsi da yawan maniyyi a ƙananan ɓeraye. Ta haramta farin launi E171 a 2022 saboda an kasa tabbatar da cewa ba ya taɓa kundin gado. Fotasiyam buromet da wasu ke sa wa fulawa don burodi ya kumbura haramtacce ne a ƙasashe da dama. Naman da aka sarrafa da naitirait, E250, irin su sosej, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke jawo cutar daji tun 2015, kuma a binciken da ake yi kan maza an sha ganin masu yawan cinsa sun fi samun maniyyi mai rauni. Abin da ma ya fi ba masana damuwa ba a rubuta shi a jikin leda: sinadaran roba irin su BPA da talet, waɗanda ke tsattsafowa daga mazubi zuwa abinci, suna kuma kwaikwayon sinadaran jinsi ko su toshe su. A 2023 Turai ta rage iyakar BPA da aka yarda mutum ya ci da ninki 20,000.

Ra'ayinmu a nan shi ne, farautar sinadari ɗaya ɓata lokaci ne. Abincin leda da lemon kwalba suna cutar da maniyyi ta hanyar da ta fi launi da ɗanɗano girma: sukari, kitse, ƙiba, da kuma abincin kirki da suke kora daga farantinka. Gwangwanin lemo na mililita 330 yana ɗauke da sukari kusan giram 35. Uku a rana sun haura giram 100, ninki biyu na giram 50 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce. Kitsen tumbi yana juya testosteron ya koma sinadarin estirojin na mata, yana kuma ƙara zafi a tsakanin cinyoyi. Wanda ya riƙe lemonsa uku yana binciken lambar launin da ke ciki, ya bar jaki yana dukan taiki.

Yanzu ƙwayoyin da kake sha. An gwada irinsu a kan mutane, kuma sakamakon bai yi daɗi ba. A 2020 aka fitar da manyan gwaje-gwaje biyu daga Amurka. Na farko, FAZST, ya haɗa ma'aurata 2,370: an ba mazan zinki miligiram 30 da folik asid miligiram 5 kullum na wata shida. Maniyyi bai ƙaru ba, haihuwa ba ta ƙaru ba, sai ma ƙorafin ciwon ciki da tashin zuciya da ya fi yawa a cikin masu shan ƙwayar. Na biyu, MOXI, ya ba maza masu raunin maniyyi haɗin bitamin C da E, seleniyam, zinki, laikofin da wasu, shi ma ba a ga bambanci da waɗanda aka ba ƙwayar da ba ta da komai ba. Akwai ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna amfani, amma masu tace bincike na Cochrane da suka tattara su a 2022 sun ce hujjar mai rauni ce.

Dalili ɗaya shi ne ƙwayar maniyyi tana buƙatar ɗan abin nan da muka kira tsatsa. Da shi take kammala balaga a cikin mahaifa, da shi take samun ƙarfin huda ƙwan mace. Idan aka cika jiki da antiyoksidan fiye da kima, an kashe wutar da ake girki da ita ne don tsoron gobara.

Kowace ɗaya daga cikin huɗun nan tana da abin lura. Bitamin E: namiji na buƙatar miligiram 15 a rana, amma ƙwayoyin kasuwa galibi IU 400 ne a ma'aunin da ake rubutawa a kwalba, wanda ya zarce buƙatar nesa ba kusa ba, kuma a gwajin SELECT da ya haɗa maza kusan 35,000, wannan adadin ya ƙara haɗarin dajin furostet, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji, da kashi 17 cikin ɗari. Yana kuma tsinka jini, ga mai shan asfirin ko wafarin. Zinki: buƙata miligiram 11, iyaka 40, wuce haka na tsawon lokaci yana hana jiki tsotsar sinadarin kofa, wato jan ƙarfe, ya jawo ƙarancin jini da matsalar jijiyoyi. Ƙwayar koren shayi: sinadarinta EGCG idan ya kai miligiram 800 a rana an ga yana taɓa hanta, musamman idan an sha da yunwa. Ƙwayar kurkum, musamman wadda aka haɗa da sinadarin masoro don jiki ya fi tsotsa, ita ma an sami rahotannin ciwon hanta a kanta. Kana shan biyu masu taɓa hanta a lokaci guda ke nan. Shawararmu ka dakatar da na shayin da na kurkum da bitamin E, ka ɗauki kwalaben duka ka kai wa likita ya ga adadin da ke rubuce. Idan ka ga idonka ya yi ɗorawa, ko fitsari ya yi duhu, ko ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama, a yi gwajin hanta ba tare da jinkiri ba. Shayin da aka dafa kofi biyu ko uku, da kurkum a cikin girki, ba su cikin wannan magana.

A nan ya kamata a tuna cewa fitowa daga tsiro ba shaidar aminci ba ce. Gosifol, sinadarin da ke cikin ɗanyen man angurya, ya hana maza da yawa haihuwa a wasu yankunan Sin, har a shekarun 1970 aka gwada shi a matsayin maganin tsarin iyali, aka kuma bar shi saboda wasu mazan ba su farfaɗo ba. Haka nan haɗe-haɗen ƙarfin maza da ba a san abin da ke ciki ba, an sha kama su da magungunan asibiti a ɓoye.

Inda tsirrai suka nuna amfani a jikin mutane shi ne a matsayin abinci. A Sifen, a 2018, an ba samari masu lafiya giram 60 na 'ya'yan itace masu ɓawo kullum, walnot giram 30, almon 15, hazelnot 15, na mako 14, aka ga yawan ƙwayoyi da motsinsu da siffarsu sun inganta, karyewar kundin gado ta ragu. Wani gwaji a Amurka a 2012 da walnot giram 75 na mako 12 ya nuna kusan haka. Gwaje-gwajen ƙanana ne, kuma maniyyi suka auna, ba haihuwa ba, amma irin wannan abinci zuciya ma tana amfana da shi.

Ga yadda za ka tsara. Ka nufi giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, kashi biyar, kowane kashi kamar cikin tafin hannu. Biyu daga ciki su zama ɗanye, domin bitamin C zafi na kashe shi, ruwan dahuwa kuma na kwashe shi. Lemon zaƙi matsakaici ɗaya na ba da kusan miligiram 70, buƙatar namiji kuwa 90 ce a rana. Gwaiba ɗaya ta wuce wannan, jan tattasai ɗanye ma haka. Ci ɗan itacen da kansa ya fi shan ruwansa da aka matse. Tumatir kuwa akasin haka yake: laikofin ɗinsa sai an dafa shi da ɗan mai jiki ke iya tsotsarsa sosai, haka ma karas. Ganye irin alayyafo da kabeji a turara su minti uku zuwa biyar cikin ruwa kaɗan, kada a dafa su har su yi laushi a zubar da ruwan. Tafarnuwa a daka ta a bar ta kamar minti goma kafin ta shiga wuta, a nan ne sinadarinta ke haɗuwa. Sai cikin hannu ɗaya ko biyu na gyada, kashu, almon ko walnot, marasa gishiri, ka saka su a madadin biskit, ba ƙari a kansa ba, domin giram 60 ya kusa kalori 400. Duk wadda ta yi hunhuna, ta yanƙwane ko take ɗaci ka zubar, gubar aflatoksin da ke cikinta ba ta mutuwa da suya. Zinki da seleniyam kuma wake, ƙwai, kifi da nama za su wadatar da kai.

Ta ɓangaren ragewa, fara da lemon kwalba: daga uku zuwa ɗaya a makon farko, sannan ya koma na lokaci-lokaci. Idan mai kafeyin ne za ka iya jin ciwon kai na 'yan kwanaki, zai wuce. Naman da aka sarrafa ya zama na nadiri. Kada a zuba abinci mai zafi ko mai maiƙo a leda ko roba, kada a ɗumama shi a ciki, kada kuma a sha ruwan gorar da ta yini a rana cikin mota. Zafi da mai su ke jawo sinadaran roba. Mazubin gilashi ko na ƙarfe ya wadatar, kuma shi ne zai ba ka damar tafiya da abincin gida wurin aiki. Idan za ka sayi abin leda, duba jerin kayan haɗi: ana jera su ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, don haka idan sukari ko mai ne a sahun farko, ka san abin da ka saya. Lambar E ita kaɗai ba abin tsoro ba ce. E300 bitamin C ne, E100 launin kurkum ne, E160d laikofin ne.

Abin da ya fi wannan duka muhimmanci shi ne gwajinka. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 ya sa ƙasan iyaka a ƙwayoyi miliyan 16 a mililita, ko miliyan 39 a fitarwa guda, masu tafiya gaba kashi 30, masu siffa daidai kashi 4, yawan ruwa mililita 1.4. Naka yana ƙasa, amma ba can ƙasa ba, kuma maza da yawa masu irin waɗannan lambobi suna haihuwa. Gwaji ɗaya kuma ba ya yanke hukunci, domin maniyyin mutum ɗaya yana hawa da sauka. Ƙwayar maniyyi na ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta haɗu, da wasu kwanaki na ƙarasa nuna a bututun bayan maraina. Ma'ana abin da aka auna ranar gwajin hoton rayuwarka ne na wata uku da suka wuce. Zazzaɓi mai zafi ɗaya a cikin wannan tsakanin ya isa ya saukar da lambobin. Haka kuma duk gyaran da ka fara yau ba za ka ga tasirinsa ba sai bayan wata uku, wanda ya sake gwaji bayan mako biyu ya ce abinci bai yi aiki ba ya yi gaggawa.

Lokacin maimaitawa, ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, ba ƙasa ba, ba sama ba. A tara a cikin mazubin da ɗakin gwaji ya bayar, ba a kwaroron roba ba, ba tare da man shafawa ko sabulu ba. Kashin farko na fitarwa shi ya fi ƙwayoyi, idan ya zube ka faɗa musu, in ba haka ba za a rubuta maka ƙarancin da ba naka ba. Idan a gida aka tara, a kai cikin awa ɗaya, a riƙe shi a jiki don kada ya yi sanyi ko zafi.

Kafin nan, ka ga likitan mafitsara ya duba ka da hannu. Kumburin jijiyoyin jini na maraina, wanda ake kira barikosil, yana samun kusan kashi 15 na maza, kuma ana ganinsa a wajen kashi 35 zuwa 40 na mazan da ba su taɓa haihuwa ba suka zo neman magani. Galibi a hagu yake, ba ya ciwo, kuma babu tumatir ko gyadar da za ta gyara shi. Wani lokaci ƙaramin aiki ake yi. Ciwon sanyi da ba a warkar da kyau ba, ciwon sukari, hangum da ya sauka maraina bayan balaga, da marainan da bai sauko ba tun yarinta, duk sai an tambaya ake ganowa. Ka faɗa masa duk maganin da kake sha, domin tiramadol da danginsa, finasterayid na gashi, sulfasalazin da magungunan gina jiki duk suna rage maniyyi. Idan kana shan taba, wiwi ko giya, barin su yana cikin gyare-gyare mafi muhimmanci. Maraina kuma suna aiki ne a zafin da ya gaza na jiki da digiri biyu zuwa uku, saboda haka kwamfuta a kan cinya, matsattsen wando, wanka cikin ruwa mai zafi da zaman awoyi ba tashi duk suna ragewa; ka riƙa miƙewa kowace awa.

Shekara biyu ta riga ta wuce wata 12 da ake jira kafin a fara bincike, kuma shekarun maiɗakinka suna cikin lissafi, domin damar mace tana raguwa sosai bayan 35. Don haka gyaran abincin da ganin likitan su tafi tare, kada ɗaya ya jira ɗaya. A halin yanzu ku riƙa kusantar juna duk bayan kwana ɗaya ko biyu, musamman a kwanaki shida da ke ƙarewa da ranar fitar ƙwai, wadda a mace mai zagayen kwana 28 takan faɗo wajen rana ta 14 daga farkon al'ada. Tara maniyyi na makonni da nufin ya yi kauri ba ya taimakawa, tsofaffin ƙwayoyi ne ke taruwa, motsinsu kuma ya ragu. Idan gwaji na biyu ya sake fitowa ƙasa, likita zai nemi a auna FSH da testosteron a jini, kuma da safe ake ɗibar wannan jinin, kafin ƙarfe goma ko sha ɗaya.